Sunan da Aka Saƙa a Wuyan Hannu

Swansea,
5 ga Janairu, 1947

Gwaggo Dinah,

Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwarsa, in har kin yarda in kira kaina ɗa bayan shekara biyar ban aiko ko da layi ɗaya ba. Wilf ne, ɗan Edmund, wanda kika ɗauko ranar da aka binne mahaifiyarsa kika haɗa da Kit ɗinki kika riƙa, alhali dangantakar ba ta wuce cewa ubana da mijinki 'ya'yan wa da ƙane ne ba. Yaya sanyi? Yaya gwiwar nan taki, yaya tumaki? Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan tarin da ba ya rabuwa da duk mai zuba kwal a injin jirgin ƙasa.

Na san akwai maganar da ya kamata in fara da ita, ta Kit. Na ɗauki alƙalami a kanta ya fi sau goma ina ajiyewa. Ki yi mini haƙuri, yau ma ba zan iya ba.

Gwaggo, na yi aure a watan Mayun bara. Sunanta Olwen, 'yar garin nan ce, ɗinki take yi. Mijinta na fari ya mutu lokacin da jiragen Jamus suka yi wa garin nan ruwan bama-bamai, ya bar ta da yarinya 'yar shekara uku, Nesta. Yanzu shekararta tara. Ba ta da yawan magana, amma in ta kafe a kan abu, ko tsohuwar tunkiyarki mai karyayyen ƙaho ba ta kai ta taurin kai ba. Ina son yarinyar nan, Gwaggo, son da ban san ina da irinsa ba. Na shigar da takarda kotu don ta zama 'yata a hukumance, an sa mana ranar biyu ga Afrilu. A ranar alƙali zai tambayi sunan da za ta ɗauka, ko ta zauna a Prosser na mahaifinta, ko ta koma namu.

Da komai ya tafi daidai, sai Nesta ta buɗe akwatina tana neman maɓalli, ta ci karo da safar hannun da kika saƙa mini ina ɗan shekara bakwai. Ta zo ta tsaya a kaina da su.

"Baba Wilf, wa ya raba maka suna gida biyu?"

Na sa mata su, na ce ta haɗa hannuwanta. Ta haɗa, rabin da ke wuyan hannun hagu ya sadu da na dama, ta karanta Thistlethwaite a hankali. Na gaya mata a kwarinmu duk yaron da ke da sunan nan, babbar macen gidan ce take saƙa masa irin wannan da gashin tumakin gida, fari da baƙi.

"To ni wa zai saƙa mini?"

Na ce ai ba dole ba ne, alƙali kawai zai sa hannu.

"Alƙalin ɗan gidanku ne?" in ji ta. "Ni ba na son sunan aro. In tsohuwar ta ce to, zan ɗauka. In ba ta ce ba, a bar ni a Prosser."

Daga nan ta tsare ni da tambaya: mene ne ma'anarsa, yaya ake faɗinsa daidai? Kunya ta rufe ni. A nan mai gidanmu na wurin aiki yakan ja shi har numfashinsa ya ƙare, abokan aiki kuwa sun gaji sun datse shi, Thistle kawai suke ce mini, ni ma na saba amsawa. Rabon da in ji shi daga bakin ɗan gida har na manta, kuma ban taɓa tambayar ma'anarsa ba.

Abu uku ke nan nake roƙo: ki gaya mini ma'anarsa, ki tuna mini yadda ake faɗinsa, ki kuma ce to. Na ukun shi ne ya hana ni sukuni. Olwen tana gaishe ki da girmamawa.

Ɗanki,
Wilf

*

Kan kwarin Dent,
19 ga Janairu, 1947

Wilf,

Wasiƙarka ta zo ran Laraba. Tun kafin in buɗe na ce wannan tafiyar kaza a kan takarda ta mutum ɗaya ce a duniya. Ashe kana raye, ja'iri. Na gode Allah. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, yanzu ma ta yi ƙawaye, yatsun hannuna duk sun kumbura sun karkace. Tumaki sittin da biyu ne, lafiya lau, sai dai jiya sun sauko daga kan tudu da kansu ba wanda ya kora su, abin bai yi mini daɗi ba. Tsoho Tot Sedgwick maƙwabcina ya ce babban sanyi na tafe. Tarin nan naka, ka riƙa shan zuma da ruwan zafi, kada ka yi wasa da shi.

Allah ya sanya alheri a auren. Da ka gaya mini da na aiko da cuku, amma ina, ku manya.

To, Thistle! Wai Thistle! Sai da na cire tabarau na goge na sake karantawa. Ka saurara da kyau. Mu nan ba ma jan wutsiyar sunan kamar mutanen kudu masu lokacin ɓatawa. Ka sa bakin harshenka tsakanin haƙora, ka ce Thisil, ka sake sa shi, ka ce thet, ka rufe bakinka. Thisilthet. Shi ke nan. Wanda ya taɓa kiran ɗan'uwansa daga wancan ƙetaren rafi cikin iskar Fabrairu ya san dalili, in ka ja shi iska ta tafi da rabi.

Ma'ana kuwa, faston da muka yi kafin wannan, mai son tsofaffin littattafai, ya ce gaban sunan ciyawar nan ce mai ƙaya da ke cinye mana makiyaya, bayansa kuma kalmar mutanen arewa ce da suka zo da jiragen ruwa tun zamanin da, tana nufin fili da aka share. Filin da aka share cikin ƙaya ke nan. Na ce da shi, "Fasto, sai ka buɗe littafi ka san wannan? Zo ran Litinin in ba ka lauje." Ka manta yadda nake tasa ku gaba kai da Kit duk watan Yuli kuna saran ƙayar nan a filin bayan gida, kuna kuka kuna cewa ai baɗi ma za ta sake fitowa? Tana fitowa mana. Shi ya sa har yau ake kiranmu da sunan. Kai kuma ka je ka yar da filin da aka share ka riƙe ƙayar. Daga yau duk wanda ya ce maka Thistle ka yi kamar ba da kai yake ba.

Maganar yarinya kuwa, kada ta rubuta sunan a ko'ina tukuna, sai ka ji daga gare ni. Ba a takardar alƙali ake ɗaukar sunan nan ba, kai ma ka sani. Ka faɗa mini, wane irin mutum ne ubanta? Ƙato ne ko ɗan tsurut? Ƙashinsa ta ɗauko ko na uwar? Tsinkayen saƙata dai tun ranar da wayar rasuwar Kit ta zo na rufe su a akwati, ban sake taɓa su ba. Gashin tumakin bara kuma hukuma ta kwashe kaf, ko na toshe kunne ba a bar mini ba. Ba na alkawarin abin da ba ni da tabbas a kansa.

Hannuna ya gaji. Ka gai da matar taka.

Gwaggonka,
Dinah Thistlethwaite

*

Swansea,
28 ga Janairu, 1947

Gwaggo,

Ina gaishe ki, da fatan yatsun sun yi sauƙi. Mu nan lafiya, sai sanyi, an fara zuba dusar ƙanƙara har a bakin teku. Ina shan zumar.

Na yi kuskure, na karanta wasiƙarki a fili muna cin abinci. Wajen faɗin suna mun sha dariya, Nesta ta yi ta tura harshe tsakanin haƙora tana fesa wa uwarta yawu, har ta iya. Wallahi da na rufe ido sai na ji kamar ke ce kike kirana daga bakin ƙofa. Sai na iso ƙarshen wasiƙar. Na so in tsallake, amma yarinyar tana leƙe ta kafaɗata. Olwen ta tashi ta shiga kwashe kwanuka ba a gama ci ba.

Tunda kin tambayi ubanta, ga shi. Sunansa Emrys Prosser. Ɗan ƙaramin mutum ne, mai dako a tashar jiragen ruwa, ba shi da gona ba shi da tunkiya, ba wanda ya taɓa saƙa sunansa a jikin komai. A daren bama-baman ya fita daga maɓoya don ya ɗauko wata tsohuwa maƙwabciyarsu, gini ya rufta musu su biyun. Ƙashinsa ta ɗauko, 'yar siririya ce, hannunta gaba ɗaya bai cika tafin hannuna ba. In wannan asalin bai kai ba, ban san wanda zai kai ba.

Ban zaci haka daga gare ki ba, Gwaggo. Ke da kika ɗauki ɗan da ba naki ba kika ba shi rabin gadon ɗanki ya kwanta. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Ban ce dole ki saƙa komai ba, na san ciwon hannunki. Kalma ɗaya yarinyar take jira. Da safen nan ta tambaye ni, "Baba Wilf, 'tukuna' yana nufin a'a ne a garinku?" Na ce mata ban sani ba, don kuwa ban sani ba.

Ki faɗa mini ƙarara, eh ko a'a, kafin biyu ga Afrilu.

Wilf

*

Swansea,
9 ga Maris, 1947

Gwaggo Dinah,

Ina gaishe ki. Ban sani ba ko kina lafiya, wannan shi ne abin da ya fi damuna yanzu. Mako shida ke nan ba na jin ɗuriyarki. Na san layin dogo ya toshe a wajenku, mu ma nan jirage sun tsaya, kwal ya daskare a tarago sai da diga muke fasa shi. Na yi ta gaya wa kaina ƙanƙara ce ta tare wasiƙa. Amma akwai wani ɗan Sedbergh, garin da ke kusa da ku, a wurin aikinmu, shi ya sami wasiƙar uwarsa har sau biyu, ya ce ana shiga da wasiƙu kwarin da doki. To ko dai kina kwance, ko kuwa shirun shi ne amsar.

In amsar ce, na san dalili, kuma ba laifin Nesta ba ne. Bari in faɗi abin da na kasa faɗi shekara biyar. Ranar da aka kira sa'o'inmu soja, tare muka je ni da Kit. Shi aka ɗauka, ni aka ce aikin jirgin ƙasa ba ya ajiyuwa, in koma. A bakin ofishin ya doki kafaɗata ya ce, "Ka ga sa'a, malalaci. To ka riƙa leƙa Mama." Na ce masa to. Da labari ya zo ya rasu a yaƙin hamada, na sayi tikitin zuwa addu'ar da aka yi masa a coci, na zo har tasha, na kasa shiga jirgin. Ban san yadda zan tsaya gabanki da ƙafafuna biyu ba, ni da na ci abincinsa na sa tsofaffin takalmansa. Tsoro ne ya hana ni, ba rashin so ba. Ki yafe mini ko kada ki yafe, hakkinki ne.

Nesta ta daina gwada faɗin sunan. Da can kullum in mai kawo wasiƙu ya shigo layinmu tana bakin taga, yanzu ko ɗaga kai ba ta yi. Shekaranjiya ta kawo mini safar hannuna a naɗe cikin takarda, ta ce, "Ga kayanku, Baba Wilf. Ba komai, Prosser ma ya fi sauƙin rubutawa." Ta yi murmushi don kada in ji ciwo. Da kuka ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ga su nan cikin ƙunshin nan na mayar miki. In ita ba ta cancanta ba, ni da na karya alkawarin Kit ban fi ta ba. Za mu je kotu, za ta zama 'yata, kowa da sunansa.

Amma don Allah, ki bar maganar suna. Ki sa Tot ko fasto ya rubuto mini layi ɗaya cewa kina raye kina da abin hura wuta. Da zarar an buɗe layi zan zo, ko da a bakin ƙofa za ki bar ni.

Wilf

*

Kan kwarin Dent,
23 ga Maris, 1947

Wilf, ɗana, sakaran banza,

Ina raye. Ka ji layi ɗayan da ka nema, sauran kuma sai ka yi haƙuri ka karanta, don na daɗe ina tara maka su. Lafiyata da sauƙi, na rame dai, gwiwa kuma ba a magana. Allah ya sa kuna lafiya ku uku.

Dokin da ɗan Sedbergh ɗinka yake faɗi iyakarsa cikin gari. Mu nan ƙarshen kwari mako bakwai ba mu ga kowa ba. Ƙanƙara ta rufe tagogin ƙasa ruf, ta tagar bene Tot yake miƙo mini madara. Ni da shi muka riƙa bin gindin katanga da dogayen sanduna muna soka ƙanƙara muna neman tumaki, tsofaffi biyu, in ɗaya ya faɗi ɗayan ya ja shi. Cikin sittin da biyu, goma sha tara suka rage. Mai karyayyen ƙahon tana ciki, kwana goma sha ɗaya ta yi a binne tana cin gashin jikinta. Na yi kuka a kan dabbobin nan, ba na jin kunyar faɗi.

Wasiƙarka ta fushi ta iso ana gobe hanya za ta rufe. Na karanta na ce yaron nan ya hau dokin zuciya, ko linzami babu. Wa ya tambaye ka asalin mutum? Girman hannun yarinya nake nema, shashasha! Da na ce ka auno mini hannunta, ai na yi alkawari ke nan, ni kuwa ban sani ba ko yatsun nan za su sake riƙe tsinke, ban kuma san inda zan samo zare ba. Na ji tsoron in sa wa marainiya rai in kasa. Amma na sake duba abin da na rubuta a zuciyata, na ga in ni ce ke zaune a teburinku, ni ma haka zan ji. Ban iya lallashi a takarda ba. Ka ba Olwen haƙuri, ka ce mata mijinta na fari namiji ne, ina alfahari jininsa ya shigo gidanmu.

Ka manta ni ma ba a haife ni da sunan nan ba? Dinah Sunter nake har na shekara ashirin da biyu. Surukata Ibby ba ta ba ni tawa safar ranar aure ba, sai da na gama saran ƙaya na farko, ta jefo mini su a cinya ta ce, "Ungo, kin biya." Ita ma 'yar gidan Haygarth ce. Duk matan da suka saƙa sunan nan, ba ko ɗaya da aka haifa da shi.

Yanzu ga maganar zare. Dole gashin tumakin gida ne, ka sani, kuma babu. Abu ɗaya ne a gidan nan da aka yi da shi. Lokacin da Kit zai tafi na saƙa masa sabbin safar hannu na manya. Ya yi ta dariya, ya ce, "Mama, ƙasar zafi fa za a kai mu." Na ce ka dai tafi da su. Ya tafi da su. Su suka dawo mini cikin ƙunshin soja tare da agogonsa da askarsa. Shekara biyar suna ƙarƙashin matashina.

Kwana uku ina ɗauko su ina mayarwa. A na huɗu na zauna bakin tagar bene, inda kawai haske yake shigowa, na kama bakin zaren na ja. Wilf, da na zo kan yatsun, sai yashi ya zubo mini a cinya. Yashin can. Na zauna ina kallonsa har shayina ya huce. Daga baya na tattara shi cikin ƙaramin kofi, na ci gaba da warwarewa, don in na tsaya a nan na san ba zan ƙara ba.

Na wanke zaren na rataya masa dutse ya miƙe, amma akwai inda ya ƙi, yana nan a murɗe yadda ya saba. Da farko layi uku nake yi a yini, tsinke yana suɓuce mini ina zaginsa. Hannun da ke riƙe tsinke ba ya iya riƙe alƙalami a rana ɗaya, ko da akwai mai kai wasiƙar. Na gama safar yarinyar ran Alhamis, ran Juma'a hanya ta buɗe, sai ga ƙunshinka. Me zan yi da safar ɗan shekara bakwai, a hanci zan sa? Ga su nan na mayar maka. Babban yatsan dama ya huje, na cike shi da ragowar zaren Kit.

Na yi fushi da kai, gaskiya ne, fushi mai tsanani. Amma ba don ka rayu ba. Kullum ina gode wa Allah da ya bar mini ɗaya. Na yi fushi ne don ka bar ni ina tuna shi ni kaɗai, ba wanda zan ce wa, ka tuna ranar da ya faɗa rafi da sabon wando? Na yafe maka tun kafin ka tambaya, sai dai ban san inda zan aika yafiyar ba.

Ka ba Nesta nata. Na ɗan ƙara musu girma don su kai ta baɗi. Ka ce mata tsohuwar ta ce to. Amma ba kyauta ba ne, ita ma za ta biya: in Yuli ya yi ku zo ku uku, akwai ƙaramin lauje yana jiranta. In an gama sara, ni da kai da ita za mu zuba yashin nan a filin bayan gida, tunda ba a kawo mana shi mun binne ba. Wannan karon ka shiga jirgin.

Uwarka,
Dinah

*

Swansea,
3 ga Afrilu, 1947

Zuwa ga Kaka Dinah,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya gwiwa da yatsu? Yaya tunkiya mai karyayyen ƙaho? Ni lafiyata ƙalau, Mama ma lafiya, tarin Baba ya ragu. Baba ya ce in tambaye ki ko zan iya ce miki Kaka, amma na riga na rubuta, kuma ba ni da wata takardar.

Ƙunshin ya zo ran Asabar. Baba ya karanta wasiƙar shi kaɗai a tsakar gida, ya daɗe, da ya shigo idonsa ya yi ja, ya ce hayaƙi ne. Ba a hura wuta ba.

Safar sun yi mini kyau ƙwarai. Sun ɗan yi yawa a yatsu. A babban yatsan hagu akwai inda zaren ya murɗe, Baba ya ce wurin na Kawu Kit ne, kada in ja. Ba na ja, taɓawa kawai nake yi. Mama ta ce in cire su tunda sanyi ya wuce, na ce sai an gama kotu. Yanzu an gama, ban cire ba.

Jiya muka je. Magatakarda ya karanta sunan ya ja shi dogo irin na mutanen kudu. Alƙali ya ce, "Yarinya, wannan sunan kike so?" Na ce, "A'a, ranka ya daɗe." Mama ta riƙe baki, Baba ya yi fari fat. Na ce, "Thisilthet nake so." Magatakarda ya ce ai ba haka ake faɗi ba. Sai na haɗa hannuwana na ɗaga masa, na ce Kakata ce ta saƙa, ita ta ce haka ake faɗi. Alƙali ya sauke tabarau ya duba da kyau, ya ce mai abu ta fi mu sanin abinta, ya sa hannu.

Na gaya wa Baba ba zan yar da Prosser ba, zan riƙa tuna shi. Ya ce ke ma haka za ki ce. In mun zo ki ba ni labarin ranar da Kawu Kit ya faɗa rafi, Baba ya fara ba ni ya kasa ƙarasawa. Ban taɓa riƙe lauje ba amma ba na jin tsoron ƙaya. Baba ya riga ya sayi tikiti, ni ce nake ajiye da su don kada a sami matsala.

Kin ce kada in rubuta sunan a ko'ina sai an ji daga gare ki. Ban rubuta ba, ko a bayan littafi, a kotu ma da baki na faɗa. Ga na farko nan, naki ne.

Jikarki,
Nesta Thistlethwaite